"Ya tuba", "ta dawo": me ake nufi da su a cocin Zariya, kuma me ke biyo bayan shaida

Kwanakin nan da wuya ka buɗe Facebook ko TikTok ba ka ci karo da wani riƙe da makirfo a gaban coci yana ba da shaida ba. Wannan ya ce da shi ɗan ƙwaya ne Yesu ya cece shi, waccan ta ce shekara bakwai rabonta da sujada sai yanzu Allah ya dawo da ita, wani kuma ya ce shi daga wani addinin ya fito. Sai a yanko minti biyu daga maganar a watsa a WhatsApp da rubutu a sama wai "wane ya tuba", daga nan gardama ta kaure, a teburin mai shayi a Samaru ko cikin keke daga PZ zuwa Kwangila. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wanda ya turo da wanda ya karanta sau da yawa ba abu ɗaya suke nufi da kalmar ba. Kuma a gari irin Zariya, inda a dangi ɗaya za ka samu kawu liman ne goggo kuma tana Zumuntar Mata ta coci, wannan ruɗanin ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Kalma ɗaya, hanya uku

Kalmar tuba ta kowa ce. Musulmi na cewa mutum ya tuba in ya bar saɓo, kuma wanda ya shiga Musulunci ana ce masa tubabbe. Kiristan Hausa ma haka suke cewa ga wanda ya bar zunubi ya bi Almasihu, wanda ya shigo daga waje shi ma tubabbe ake ce masa. Wato kalma ɗaya ce amma kowane ɓangare inda take nunawa daban, shi ya sa in ka ji an ce "ya tuba" sai ka fara tambaya wa ya faɗa.

A cikin coci kuma mutum iri uku ne ke tashi ya ba da irin wannan shaidar.

Akwai wanda ya shigo daga waje gaba ɗaya, daga gidan Musulmi ko daga Maguzanci da sauran addinan gargajiya. Shi ne wanda ya sauya addini a ma'anar da kowa ya sani.

Akwai wanda aka haifa a gidan Kirista, sunansa Bitrus ko Rifkatu tun ranar suna, ya yi makarantar Lahadi, ƙila ma babansa dattijon ikilisiya ne, amma zai ce maka "a shekara kaza na karɓi Yesu". Wannan shi ake kira sabuwar haihuwa, matasa su ce bon agen, kuma asalin maganar daga hirar Yesu da Nikodimu ce a Yohanna sura 3. Bai sauya addini ba. Abin da yake nufi shi ne bangaskiyar da ya gada yanzu ta zama tasa da kansa.

Na uku shi ne mai ja da baya da ya dawo. A nan ma akwai hawa-hawa: wani kawai daina zuwa coci ya yi, wani ikilisiya ce ta sa shi ƙarƙashin horo sabida wani laifi, wata kuma ta musulunta ne, galibi ta dalilin aure, daga baya ta komo.

Duk wanda ya saba zama sujada a Wusasa ko Sabon Gari ko Samaru ya san na biyu da na uku su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Amma na farkon ne ke yawo a waya, don shi ke tada ƙura.

Daga Durumin Maigarke zuwa Wusasa

Batun ba sabo ba ne a ƙasar Zazzau. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan daga Ingila, ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da makaranta a Durumin Maigarke. Waɗanda suka bi shi ba su da yawa, amma labarinsu ya nuna cewa tun farko ba hanya ɗaya ake shigowa ba. Wasu yaran makaranta ne. Wasu kuma Isawa ne, wato mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 sabida yadda ya ɗaukaka Annabi Isa a karatunsa, mutanensa suka watse zuwa wajajen Ningi da wasu ƙauyuka. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller da ƙafarsu, aka kafa musu zama a Gimi, sai ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 mishan ya tashi daga birni ya koma Wusasa, inda cocin St Bartholomew na ginin ƙasa da asibitin St Luke suke har yau, a 1932 kuma aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya yi ruwa ya yi tsaki a ciki.

Daga wannan ƙaramar al'ummar ne aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wannan na da muhimmanci ga maganarmu ta fuska ɗaya: Bahaushe Kirista a Zariya yau sau da yawa jika ne ko tattaɓa kunnen tubabbe, shi kansa bai taɓa sauya komai ba. In ka ji shi yana shaida da Hausa tsantsa ka ɗauka jiya ya bar masallaci, to ka yi kuskure.

Bayan wannan zamanin an samu wasu raƙuman ruwa. A shekarun 1960 aka fara Sabon Rai Don Kowa, inda talakawan coci da kansu ke fita ƙauyuka wa'azi da waƙa, a daidai lokacin da Sardauna ke nasa rangadin musuluntarwa, don haka Maguzawan yankin Giwa da Ikara da Makarfi da Malumfashi suka samu kansu ana kiransu ta ɓangare biyu, gida ɗaya wani ya bi nan wani ya bi can. Sai kuma farkawar ɗalibai ta shekarun 1970 ta hanyar ƙungiyoyi irin FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ita ce ta yaɗa maganar sabuwar haihuwa a ABU da sauran makarantu, daga baya cocin Fentikostal suka ɗora, Living Faith ma a Kaduna ta buɗe cocinta na farko a 1983. Salon tashi a gaban jama'a ka faɗi ranar da ka tuba, da kiran a fito gaba bayan wa'azi, daga nan ya yi ƙarfi har ya shiga tsofaffin coci.

Me ke fitar da mutum, me ke dawo da shi

Ruwa ba ya tsami banza. In ka saurari shaidar masu dawowa da kyau, ka cire kuka da tafi, za ka ji abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa. Yaro ya bar ƙauye ya zo ABU ko Poli ko FCE, karo na farko ba mai tashinsa ranar Lahadi, sati ɗaya ya zama zango ɗaya. Wani abokai da shaye-shaye, musamman shekarun da kodin ya yi katutu kafin gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Wata ciki ta yi kafin aure, kunya ta hana ta taka ƙofar coci tun kafin dattawa su ce komai. Wani kuma cocin ne da kansa ya ɓata masa rai, rigimar kuɗin gini, ko ƙabilanci wajen zaɓen dattawa, ko ya yi jinyar mahaifiyarsa wata uku ba wanda ya leƙo. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗinsa a makirfo ba sabida waɗanda suka yi laifin suna zaune a wurin, amma fastoci sun san yana da yawa.

Akwai kuma wani ciwo na musamman ga Hausawa da Fulani Kirista. A gari a ce maka ai kai ba cikakken Bahaushe ba ne tunda kana zuwa coci, a wani cocin kuma ka shigo da babbar riga da hula masu gadi su tsare ka da tambayoyi a get. Wanda ya sha wannan sau biyu sau uku yana iya zama a gida kawai. Irin wannan ne ya sa aka samu ƙungiya kaman Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, don su samu inda ba sai sun yi bayanin kansu ba.

Dawowar kuma ba kasafai take zuwa ta hanyar gardama ko hujja ba. Rashin lafiya, mutuwar uba, haihuwar ɗan fari da tambayar a ina za a yi masa suna, uwa da ba ta gaji da addu'a da kira a waya ba, matan Zumunta da suka yi ta zuwa gaisuwa ba tare da sun yi wa'azi ba. Da yawa za su ce maka waƙa ce suka ji daga wani coci suna wucewa, wadda suka iya tun suna yara. Su kuma masu shigowa daga waje, abin da suka fi ambata shi ne karanta Linjila da Hausa da kansu, ko mafarki, ko halin wani maƙwabci ko nas da ta yi jinyarsu. Masu suka na cewa talauci ne, ana jan mutane da makaranta da magani da kuɗi, kuma karin maganar na nan, kowa ya tuba don wuya ba lada. Ba za a ce ba a taɓa samun mai tuban muzuru ba, fastoci da kansu na ba da labarin wanda ya zagaya coci biyar da labari ɗaya yana karɓar taimako. Amma wannan bayanin bai isa ya rufe batun ba, don mafi yawan waɗanda suka sauya addini a nan asara suke yi ta fuskar duniya, ba riba ba. Kuma Kirista ma irin wannan zargin suke yi in nasu ya musulunta, su ce kuɗi ne ko aure ko neman muƙami, shi ma ba kullum yake gaskiya ba.

Bencin baya

Na taɓa zama a wata sujadar Hausa a wani ƙaramin coci ta wajen Basawa ranar da aka dawo da wani bakanike daga horo. Kusan shekara guda yana zuwa amma a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu, ba ya waƙa da mawaƙa, ba a ba shi karatu. Bayan sanarwa sai fasto ya kira sunansa. Ya taso yana murza hularsa a hannu, ya tsaya bai ɗaga kai ba ya ce, "Baba, na yi wa Allah laifi, na yi wa ikilisiya laifi, ina roƙo a gafarta mini." Fasto ya juya ya ce, "'Yan'uwa, kun karɓe shi?" Aka amsa, mata suka rangaɗa guɗa, mai tulu ta fara bugawa. Mahaifiyarsa ba ta tashi ba, ta ja gefen zaninta ta rufe fuska. Da aka gama wani dattijo ya kama hannunsa ya kai shi benci na huɗu ya matsa masa wuri. Duk abin bai kai minti goma ba.

Wannan tsarin horo da maidowa shi ne aka fi sani a coci irin ECWA da Baptis da HEKAN da makamantansu. Masu goyon bayansa na kafa hujja da 1 Korantiyawa sura 5, inda Bulus ya ce a ware mai laifi, sannan 2 Korantiyawa sura 2 inda ya ce horon ya isa haka, a gafarta masa kada baƙin ciki ya cinye shi. Suna cewa laifin da aka yi a fili a fili ake gyara shi, kuma ranar maidowa tana wanke mutum a idon jama'a, ba mai sake yi masa gori. Masu suka kuma, cikinsu har da fastoci, na cewa bencin baya ya fi korar mutane fiye da gyara su, kuma ya fi faɗawa kan mata, sabida ciki ba ya ɓuya amma namijin da ya yi shi yana iya ɓuya, haka ma mai kuɗin da ya ci amanar ma'aikatansa da wuya ka gan shi a can baya. Wannan sukar tana da nauyi, kuma duk cocin da ke horo ya kamata ya iya amsa ta.

A Katolika hanyar daban ce. Wanda ya daɗe bai zo ba zai je wurin Fada, wato limamin cocin, ya furta zunubansa a asirce, a ba shi abin da zai yi na tuba, ya koma karɓar Jibi, jama'a ba sai sun ji komai ba, sai dai in akwai matsalar aure da ba a daidaita ba, wannan kan ɗauki lokaci. Babban da ke shigowa daga waje kuma sai ya yi dogon katikisma, wato karatun koyon addini, galibi a yi masa baftisma a daren Ista. Angilikan na tsakani, akwai furci na bai ɗaya a cikin sujada, akwai ajin tabbatarwa da bishop ke ɗora wa mutum hannu. A cocin Fentikostal kuma abin da sauri yake, a yi kira ka fito gaba, a yi maka addu'a, a rubuta sunanka da lambar waya, ka shiga ajin sababbin masu bi. Saurin na jawo wanda kunya ta hana shi komawa cocin iyayensa, shi ya sa da yawa in sun dawo ba inda suka bari suke dawowa ba. Raunin kuma shi ne mutum na iya fitowa gaba sau biyar a shekara ba wanda ya san inda yake kwana.

Tambayar da ta fi rikita mutane ita ce ko za a sake yi wa wanda ya dawo baftisma. Katolika da Angilikan sun ce a'a, baftisma ɗaya ce kaman yadda Afisawa 4:5 ta faɗa, in an yi ta da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ta zauna, ko da jariri aka yi wa, ko da mutum ya fita ya yi shekara ashirin. ECWA da Baptis ba sa yi wa jarirai, sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa, kuma nutsarwa suke yi, don haka wanda aka yayyafa wa ruwa yana jariri in ya koma wurinsu za a yi masa, su a ganinsu wannan ce ta farko. Amma wanda suka riga suka nutsar ya ja da baya, maido shi ake yi ba sabuwar baftisma ba. A ƙarƙashin wannan akwai tsohuwar muhawara, shin wanda ya sami ceto na iya rasa shi? Masu cewa a'a na riƙe da Yohanna 10:28, masu cewa e na nuna Ibraniyawa sura 6. Shi ya sa mutum biyu da abu ɗaya ya same su za su ba da labari daban, ɗaya ya ce "da ma can ban tuba da gaske ba", ɗayan ya ce "na faɗi ne Ubangiji ya ɗaga ni".

Kuma rigimar ta girmi kowane coci da ke Zariya. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya tilasta kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kirista da yawa suka yi don tsoro. Da abin ya lafa suka so dawowa, wani Nobatiyan a Rum ya ce sam ba za a karɓe su ba, Sifiriyan bishop na Kartej, a Tunisiya ta yau, da sauran bishop-bishop suka tsaya kan a karɓe su bayan sun yi lokacin tuba. Ra'ayin karɓa ne ya yi rinjaye.

Ɓangaren Musulmi, da abin da doka ta ce

Ga iyalin Musulmi, ɗansu ya bar addini ridda ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, wanda ya yi ridda ana ba shi kwana uku a nemi ya tuba, in ya ƙi hukuncinsa kisa ne, aurensa ya warware, ba ya gadon Musulmi. Akwai malaman wannan zamanin da ke ganin wancan hukuncin ya shafi wanda ya haɗa fita da cin amanar al'umma a lokacin yaƙi ne, suna kafa hujja da aya ta 256 a Suratul Baƙara cewa babu tilas a addini. Amma har waɗanda ke kan ra'ayin farko suna cewa zartar da hukunci aikin hukuma ne, ba na ɗan'uwa ko maƙwabci ko taron matasa ba. Kuma in aka bar littafi aka zo gida, abin da ke cin uwa shi ne tsoron lahirar ɗanta da abin da za a ce a unguwa. Wannan tsoron shi ne dai ke cin uwa Kirista a Wusasa in 'yarta ta musulunta. Wanda ya gane ɗaya ya kamata ya gane ɗayan.

Ta fuskar dokar ƙasa maganar a fili take. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, kuma ya ambaci 'yancin sauya addini ƙarara. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, sashe na 42 ya hana nuna bambanci sabida addini. Jihar Kaduna ta fara aiki da kotunan shari'a a 2001 bayan rikicin 2000, amma ridda ba ta cikin laifukan da aka rubuta a dokar. Abin da doka ke hukuntawa shi ne ɓatanci ga addinin wani da tunzura jama'a, wannan kuma ya hau kan kowa. Inda aka fi samun taƙaddama shi ne yara. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro da ke ƙarƙashin jagorancin iyaye, don haka duk malami ko fasto da ya karɓi yarinya 'yar 15 ya ɓoye ta ba da sanin iyayenta ba ya sani ya shiga hurumin da ba nasa ba, ko wane addini ta nufa.

Sai dai abin da ke takarda daban, abin da mutum zai tarar a ƙofar gida daban. Doka ba za ta sa kawunka ya amsa gaisuwarka ba, ba za ta dawo maka da kwastomomin da suka daina zuwa shagonka ba.

Shaida a gaban kyamara

Manya a Zariya ba su manta da Maris 1987 ba. A Kwalejin Ilimi ta Kafanchan abin ya fara, wajen wani taron ɗalibai Kirista inda mai wa'azin, wanda da Musulmi ne, ya taɓo Alƙur'ani a jawabinsa, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci. Aka yi faɗa, aka ƙona masallatai a can, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa, a Zariya aka ƙona coci masu yawa. Waɗanda suka ga wannan, suka kuma ga bama-baman 17 ga Yuni 2012 a ECWA Wusasa da babban cocin Katolika na Sabon Gari, su ne ke ja wa matasa kunne cewa shaida ita ce ka faɗi abin da Allah ya yi maka, ba ka zagi inda ka fito ba.

A kan ɗaukar bidiyo ra'ayi biyu ne a cikin coci. Wasu na cewa Yesu ya ce kada a kunna fitila a rufe ta, shaida na ƙarfafa wasu, ɓoyewa tsoro ne. Wasu na cewa wanda ya ɗora bidiyon zai koma gidansa lafiya, tubabben ne zai kwana da abin, shi da ƙannensa mata da ba su yi aure ba tukuna. Akwai kuma matsalar ƙarin gishiri. Tunda labarin da ya fi ban tsoro shi ya fi samun masu kallo, sai ka ji kowa ɗan babban malami ne ko tsohon matsafi, wanda kuma ya dawo shiru bayan shekara biyar na sanyin zuciya ya ga kaman nasa bai isa faɗa ba. Shi ya sa fastoci masu hankali ke jinkirta sabon tuba, su bar shi ya yi shekara ko fiye yana koyo kafin su miƙa masa makirfo, wasu ma ba sa yarda a ɗauka ko kaɗan.

Aure, gado, suna, makabarta

A nan gizo ke saƙar, don ranar shaida rana ɗaya ce.

Aure ne kan gaba. Magidancin da ya shigo da mata biyu ko uku, musamman daga Maguzawa, ya zai yi? Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya hana yi wa irinsa baftisma, a 1988 aka sassauta, aka ce ana iya yi masa shi da matansa da 'ya'yansa in ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar cocin sun yarda, ba tare da an tilasta shi ya kori kowa ba. Wasu coci har yanzu sai dai ya riƙa zuwa sujada ba baftisma ba Jibi, har sai mace ɗaya ta rage. Wadda ta fi shan wahalar wannan ita ce matar da za a ce ta tafi, ita da ba ta yi laifin komai ba.

Macen da ta musulunta ta yi aure ta haihu, auren ya mutu ta koma gidan iyayenta da cocinsu, ita kuma matsalarta 'ya'yan ne. Galibi suna wajen uba kuma Musulmi ne. Na san wata da ke sayar da kayan miya, duk Juma'a ɗanta na biyowa ta rumfarta bayan masallaci ya durƙusa ya ce "Umma ina wuni", ta zuba masa tumatir da albasa ya kai wa matar babansa, ba ta taɓa ce masa ya bi ta coci ba shi ma bai taɓa ce mata komai ba. Ba kowa ke samun haka ba, wasu shekaru suke yi ba su ga 'ya'yansu ba. Amma inda dattawan ɓangare biyu suka zauna tun farko aka yi maganar ziyara, an fi samun sauƙi, don Bahaushe ya riga ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Gado kuma, a shari'ar Musulunci bambancin addini na hana gado ta kowane ɓangare. Hanyar da ta rage ita ce kyauta tun mai dukiya na da rai, ko wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma iyaye da dama na bin wannan a shiru don kada ɗansu ya tashi a tutar babu. A ƙauye inda dukiyar gona ce ta gandu, wanda aka cire ba shi da abin yi sai ya shigo gari, nauyinsa ya koma kan ikilisiya, ɗaki, abinci, kuɗin koyon sana'a. Coci da yawa na murnar karɓar tubabbe amma ba su da tanadin wata shida na gaba, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke sa wasu komawa inda suka fito.

Suna ba dole ba ne a sauya shi. Musa, Yakubu, Maryamu, Ibrahim, Haruna, duk ana amsa su a coci da masallaci, kuma Larabawa Kirista ma Allah suke cewa kaman Kiristan Hausa. Wanda ya zaɓi sauyawa sai ya shirya zirga-zirga, rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, gyaran NIN da BVN, ga takardun makaranta da za su ci gaba da ɗaukar tsohon sunan.

Sai ranar mutuwa. Musulmi na binnewa a ranar, Kirista kan ajiye gawa a asibiti har dangi su taru, don haka in mutum ya rasu ba a san matsayinsa a fili ba, kafin a gama waya wani ɓangaren ya riga ya yi wanka ya kai makabarta, ɗayan ya zo ya tarar an gama. An sha samun wanda ya dawo coci a ɓoye ko ya musulunta a ɓoye, aka bar matarsa da 'yan'uwansa suna jayayya a bakin ɗakin ajiye gawa. Abin da dattawan da suka saba sasanta irin wannan ke ba da shawara shi ne mutum ya adana katin baftismarsa ko takardar shaidar musuluntarsa inda za a gani, ya rubuta yadda yake so a yi masa ya sa hannu gaban shaidu, sannan ya samu mutum ɗaya mai hankali a kowane ɓangare na danginsa ya faɗa masa da bakinsa tun yana da lafiya.